Inda Manhaja Ke Ajiye Saitinka, Da Abin Da Ya Sa Wurin Ba Ya Tsayawa

Duk wanda ya taɓa sauya kwamfuta, ko ya ɗora sabon zubin Windows a kan tsohuwarsa, ya san wannan takaicin. Ka buɗe manhajar da ka shekara biyar kana aiki da ita, sai ta tarbe ka kamar yau ta fara ganinka. Girman rubutun da ka zaɓa ya koma yadda ya zo daga kamfani, harshen da ka saita ya tafi, jerin fayilolin da ka buɗe kwanan nan wayam. Abin haushin shi ne sau da yawa ba abin da aka goge. Saitin naka na nan kwance a cikin kwamfutar, manhajar ce ta tafi nemansa inda ba nan ta ajiye shi ba.

Wajen mai amfani, wannan ɓacin rai ne na yini guda. Wajen maginin manhaja kuwa, shawara ce da akan yanke cikin minti biyu tun ranar da aka fara aiki, a kuma shekara goma ana ɗanɗana kuɗarta. Tambayar da yakan yi wa kansa ita ce, wace folda zan zuba saitin nan? A ganina tun daga nan aka saki hanya. Sunan folda ba nasa ba ne, na babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ne, kuma takan sauya shi duk sadda ta ga dama. Abin da ke hannun magini shi ne ya san irin kayan da yake ajiyewa, ya kuma tanadi yadda zai kwashe su ranar da ƙaura ta kama.

A fara da Windows, don ita ta fi kowa tashi daga wannan gida zuwa wancan. Zamanin Windows 3.1, wadda ta fito a 1992, ɗauka ake yi kwamfuta ɗaya mutum ɗaya. Manhajoji na rubuta saitinsu a ƙananan fayiloli masu ƙarewa da .INI, wasu a cikin foldar Windows kanta, wasu a gefen manhajar, wasu ma su cusa nasu cikin WIN.INI wanda kowa ke tarayya a kansa. Ba ƙofar da ke da makulli. Windows 95 ta faɗaɗa rajista, wato babban kundin da babbar manhaja ke riƙe da saituna a ciki, ta kuma ba da damar kowa ya samu nasa sashen, amma sai an kunna wannan tsari. In ba a kunna ba, duk mai zama gaban kwamfutar saiti ɗaya yake gani.

Ɗaya reshen, wato Windows NT, shi ya ɗauki batun rabe mutane da gaske. A NT 4.0 ta 1996, furofayil ɗin kowane mutum, ma'ana ɗakinsa da ke ɗauke da duk kayansa, yana ƙarƙashin C:\WINNT\Profiles. Windows 2000 ta mayar da shi C:\Documents and Settings, saitin manhajoji kuma ya shiga foldar Application Data da ke ciki. XP ta 2001 ta bar shi a nan. Da Vista ta zo a 2007 sai aka sake tashi zuwa C:\Users, aka kuma haɗa foldar AppData mai ɗakuna uku. Gida uku ke nan cikin shekara 11.

Ko da magini ya haddace ukun nan, bai tsira ba. Kwamfutar da aka ɗaga daga NT 4.0 zuwa Windows 2000 takan bar furofayil a tsohon wurinsa, don haka sai ka ga kwamfutoci biyu, babbar manhaja iri ɗaya, adireshi daban. XP ɗin da aka sayar a Jamus ba ta san wata Documents and Settings ba, Dokumente und Einstellungen take da ita, foldar saitin kuma sunanta Anwendungsdaten. Sai daga Vista ne aka bar ainihin sunan da Ingilishi a ko'ina, fassarar ta zama ta ido kawai. Ga kuma wanda Windows ɗinsa ba a faifan C take ba, ga ofishin da ya karkatar da foldar ma'aikata zuwa uwar garke, wato babbar kwamfutar da ke yi wa sauran hidima. Wanda ya rubuta adireshi da hannu a cikin manhajarsa ya yi caca ne a kan cewa kowa irin kwamfutarsa gare shi.

Maganin wannan ɓangaren bai da wuya, matambayi ba ya ɓata. Windows ta daɗe da tanadar hanyar da manhaja za ta tambaye ta, ina foldar saitin mutumin da ke zaune yanzu? A da umarnin SHGetFolderPath ake kira, daga Vista aka ƙaro SHGetKnownFolderPath, tsohon kuma bai daina aiki ba. Manhajar da aka gina a 2002 tana yin wannan tambayar, yau ma in aka kunna ta a Windows 11 za a nuna mata wurin da ya dace, alhali lokacin da aka rubuta ta ba a ƙirƙiro wurin ba. Sharaɗin shi ne a yi tambayar duk lokacin da manhaja ta tashi. Wanda ya tambaya sau ɗaya ya rubuta amsar ya ajiye, shi da mai rubuta adireshi da hannu duk kanwar ja ce.

Akwai masu bin gajeriyar hanya, su karanta alamomin nan irin %APPDATA% da babbar manhaja ke cikawa da adireshi. Yakan yi aiki, sai dai da tarko. Windows 95 da 98 ba su da wannan alamar, ita kuma %LOCALAPPDATA% sai a Vista ta bayyana. Manhajar da ta dogara da ita a kan XP, fanko take samu. To, fanko idan aka liƙa masa sunan folda a baya, ba ya ihu, adireshi ne yake haifarwa, amma na wani wuri daban. A riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Yanzu ga inda labarin Vista ya fi daɗi. Zamanin XP mutane da dama na aiki ne da asusu mai cikakken iko, saboda haka manhajar da ke rubuta saitinta a gefen kanta, cikin Program Files, ba ta taɓa cin karo da komai ba, duk da cewa ƙa'ida ta hana tun Windows 2000. Vista ta zo da tsarin da ke rage wa kowa iko sai ya nemi izini, aka wayi gari Program Files a kulle. Da an bar abin haka, da ɗimbin tsofaffin manhajoji sun durƙushe rana ɗaya. Sai Microsoft ta yi dabara. Idan tsohuwar manhaja ta zo rubutu a wurin da aka hana, Windows sai ta karɓa ta ce an rubuta, amma a ɓoye ta kai fayil ɗin wata folda mai suna VirtualStore a cikin ɗakin mutumin. Idan manhajar ta zo karantawa, a ɗauko mata daga can. Ita dai a saninta tana Program Files.

Dabarar ta ceci mutane, ta kuma haifi wani irin ciwon kai mai wuyar ganewa. Karkatarwar tana aiki ne kawai ga manhaja mai bit 32, wato tsohon tsarin gini na kafin mai bit 64, wadda ba ta ɗauke da takardar da ke bayyana irin ikon da take buƙata. Ranar da magini ya fitar da zubi mai bit 64, ko ya saka waccan takardar, Windows sai ta ɗauke shi a matsayin wanda ya san ƙa'ida ta janye alfarmar. Manhaja ta leƙa ainihin Program Files, ba kowa. Saitin shekara da shekaru na can VirtualStore ba mai zuwa ɗauka. Haka nan idan mutum ya kunna manhajar da cikakken iko yau, gobe ya kunna ta haka kawai, fayil biyu daban yake taɓawa ba tare da ya sani ba. Sai ya rantse ya sauya saiti jiya, manhaja ta rantse bai sauya ba, kuma duk cikinsu ba maƙaryaci.

Mu koma ga ɗakunan AppData guda uku, Roaming da Local da LocalLow, don a nan ne aikin magini na gaskiya yake. Na ukun bai da yawan magana, an yi shi ne don manhajojin da aka ƙuntata wa iko da gangan, irin Internet Explorer a yanayinsa na kariya. Biyun farko su ne abin dubawa.

A manyan ma'aikatu akan tsara kwamfutoci ta yadda ma'aikaci zai zauna gaban kowace, ya shiga da sunansa, ya tarar da kayansa. Yadda ake yi shi ne, in ya shiga a kwafo furofayil ɗinsa daga uwar garke, in ya fita a mayar. Roaming na cikin abin da ake jigila da shi, Local ba ta ciki. Maginin da ke aiki a kan kwamfutarsa shi kaɗai ba zai taɓa ganin bambancin ba, shi ya sa yake zuba komai a duk wadda ta fara zo masa. Can a wata ma'aikata kuwa, manhajarsa ta tara tarkacen hotuna da ta sauko da su daga intanet a cikin Roaming, kowace safiya mutum na zaune yana kallon allo ana jawo masa shara ta waya kafin ya fara aiki.

Tambayoyi biyu ke raba gardama. Idan abin nan ya bi mutum zuwa wata kwamfuta, zai yi ma'ana a can? Idan kuma ya ɓace, wa zai yi kuka? Harshen da mutum ya zaɓa, launin allo, gajerun maɓallan da ya saba da su, kalmomin da ya ƙara wa ƙamus, waɗannan nasa ne ba na na'ura ba, duk inda ya je yana son su. Amma inda taga ta tsaya a kan allo fa? Da gani kamar zaɓin mutum ne, nan kuwa halin na'ura ne. Mai allo biyu a tebur ya ja taga zuwa na biyun ya rufe, saitin ya bi shi zuwa ƙaramar kwamfutar tafi-da-gidanka mai allo ɗaya, manhaja ta buɗe tagarta a wurin da babu shi. Tana aiki, ba a ganinta. Haka sunan na'urar buga takarda, haka adireshin wata folda a faifan D. Su kuma tarkacen wucin gadi, waɗanda in an share za a iya sake samo su, ba su da hurumin bin kowa ko'ina. Firefox misali ne mai kyau a nan, furofayil ɗinsa na Roaming, tarkacensa na Local. Chrome shi kuma ya tattara duka ya zuba a Local.

Kalmar sirri da makamantanta ba sa cikin wannan rabon gaba ɗaya. Windows na da ma'ajiyar sirri tata, Mac na da Keychain, can ne muhallinsu, ba fayil ɗin saiti da kowa zai iya buɗewa ya karanta ba.

Sai wata ɗabi'a da ni dai ba na yi mata uzuri, zuba saiti a foldar Documents. Masu wasannin kwamfuta sun fi kowa laifi a nan, har Vista ta ware musu folda ta musamman mai suna Saved Games, da yawansu ba su ko kalle ta ba. Documents wurin abin da mutum ya rubuta ne da hannunsa ya kuma san da zamansa. Ban da cunkoso, yanzu OneDrive, ma'ajiyar Microsoft ta intanet, na iya ɗauke foldar ɗungurungum ya mayar da ita ƙarƙashinsa, ya riƙa aika duk abin da ya motsa a ciki zuwa intanet. Fayil ɗin da manhaja ke sake rubutawa duk bayan daƙiƙa kaɗan, in ya faɗa irin wannan wuri, kwafi masu karo da juna ne za su yi ta haihuwa.

Rajista fa? Sashenta na mutum, HKEY_CURRENT_USER, a gaskiya fayil ne mai suna NTUSER.DAT a cikin furofayil, don haka shi ma yana bin mai shi. Tana da amfaninta. Adireshinta bai motsa ba tun Windows 95, kuma masu kula da kwamfutocin ma'aikata na iya tura saiti ta cikinta ga kowa a lokaci guda. Illarta ita ce ba ta ɗaukuwa. PuTTY, manhajar da ake shiga uwar garke da ita daga nesa, a rajista take ajiye jerin wuraren da mutum ke shiga, shi ya sa mai sauya kwamfuta sai ya koyi fitar da wani yanki na rajista kafin ya tafi da su. Manhajar da ake son ta yi aiki a Mac da Linux ma, rajista ba ta da abin yi mata, don can babu ita.

A duniyar Unix, wadda Linux ta gada, matsalar ta zo ta wata fuska. Can tun fil azal kowa na da foldarsa ta gida, ba a taɓa rikici kan wannan ba. Rikicin shi ne kowace manhaja na jefa fayil ɗinta a tsakar gidan, da ɗigo a farkon sunansa don ya ɓuya. Rob Pike, ɗaya daga cikin tsofaffin ma'aikatan Bell Labs, ya bayyana a 2012 cewa ɓuyan nan ma asalinsa ba da niyya ba ne. An so umarnin da ke jero fayiloli ya tsallake sunaye biyu na musamman, ɗigo ɗaya da ɗigo biyu, sai aka taƙaita aiki aka ce ya tsallake duk abin da ya fara da ɗigo. Mutane suka gano, suka mayar da kuskuren al'ada. Bayan shekaru gida ya cika da ɓoyayyun fayiloli, saiti da tarkace da bayanai masu daraja duk a cakuɗe, mai son yin kwafin ko-ta-kwana bai san wanne zai ɗauka wanne zai bari ba.

A 2003 aka fito da ƙa'idar XDG a ƙarƙashin freedesktop.org. Saiti ya tafi ~/.config (alamar ~ na nufin foldar gida), bayanai su tafi ~/.local/share, tarkace ~/.cache, kuma mutum na iya sauya kowanne ta hanyar alamomi irin XDG_CONFIG_HOME. Abin da ya fi jan hankalina shi ne sai a 2021 aka ƙara ɗaki na huɗu, ~/.local/state, don abubuwa irin tarihin umarnin da aka buga da inda aka tsaya a aiki. Wato shekara 18 aka yi ana jin cewa akwai kayan da ba saiti ba ne, ba tarkace ba ne, kuma ba su kai a kira su dukiya ba. Rabon da Windows ta yi tsakanin Roaming da Local, kusan shi ne mutanen Linux suka iso gare shi ta tasu hanyar.

Ƙa'ida dai ba doka ba ce, ba mai tilasta ta. OpenSSH, kayan aikin shiga kwamfuta daga nesa, na nan a ~/.ssh, kuma ban ga laifinsa ba, don kayan aiki marasa adadi sun san wannan adireshin, motsa shi ɓarna zai yi fiye da gyara. Git, wanda magina ke adana tarihin aikinsu da shi, ya bi tsakiya tun 2012, yana karanta wuraren biyu, amma ba ya rubutu a sabon sai in fayil ɗin na can kuma babu tsohon ~/.gitconfig. Wanda ya saba bai ga canji ba, mai son tsabtace gidansa kuma an ba shi hanya.

Apple ta fi tsari tun farko. Daga Mac OS X ta 2001, ƙananan saituna na zama a ~/Library/Preferences, manyan kaya a Application Support, tarkace a Caches. Amma ita ma ƙasar ta motsa. A 2011 aka ɓoye foldar Library daga idon mai amfani. Daga 2012 duk sabuwar manhajar da za ta shiga kantin Mac App Store dole ta zauna cikin killataccen wuri, inda ake ba ta Library tata ta kanta a ƙarƙashin Containers. Daga baya kuma wani ɗan aike na babbar manhaja ya riƙa riƙe saitunan a ƙwaƙwalwa, ta yadda wanda ya buɗe fayil ɗin ya gyara da hannu zai iya tarar an shafe gyaran nasa. Saƙon a fili yake, bi ta ƙofar da aka tanada, kar ka haura katanga.

Killacewar nan ita ce alƙiblar da kowa ya fuskanta yanzu. Manhajojin kantin Windows na da nasu ɗakin a ƙarƙashin Packages. A Linux, cikin hanyoyin rarraba manhajoji, Flatpak na ba kowace manhaja wuri a ~/.var/app, Snap kuma a ~/snap, shi ya sa Firefox ɗin da ke zuwa da Ubuntu 22.04 furofayil ɗinsa ba ya inda aka san shi shekara da shekaru. A iPhone, tun iOS 8 ta 2014, adireshin ɗakin manhaja na iya sauyawa idan aka sabunta ta, don haka wadda ta ajiye cikakken adireshin wani fayil a saitinta za ta neme shi ta rasa. A duk waɗannan, manhajar da ke tambaya ta wuce lafiya ba tare da an taɓa ta ba.

Sai dai kar a ɗauka tambaya ta gama komai. Yawancin magina ba babbar manhaja suke tambaya kai tsaye ba, harshen da suke gini da shi suke tambaya, shi kuma ɗan aike ne, yana iya kawo amsar da ba ita ba. Java ta shekara da shekaru tana gano gidan mutum a Windows ta hanyar duba inda foldar Desktop take ta hau sama da taki ɗaya. Duk wanda aka karkatar masa da Desktop, sai ta nuna gidan da ba nasa ba. Sai a Java 8 aka gyara. Shi kuma .NET 8, kayan ginin manhaja na Microsoft wanda ya fito a Nuwamba 2023, ya sauya amsar da yake bayarwa a Mac daga ~/.config zuwa Application Support. Sabuwar amsar ta fi dacewa da tsarin Apple, ba musu. Amma maginin da ya sabunta kayan aikinsa kawai, bai taɓa layi ɗaya na manhajarsa ba, ya aika wa mutane zubin da ya manta su.

Akwai kuma tambayar da ake yi a bakin wanda bai dace ba. Manhajar girkawa takan tashi da cikakken iko, wani lokaci da asusun ma'aikacin da ke kula da kwamfutoci. In ta ce ina foldar mutumin da ke zaune, ta ma'aikacin za a nuna mata, can za ta zuba saitin, mai kwamfutar ya zo bai ga komai ba. Saitin mutum ba aikin ranar girkawa ba ne, a bari sai ya buɗe manhajar da kansa karon farko.

Tunda ƙaura ba makawa, ko babbar manhaja ta jawo ta ko magini ya gane ya zaɓi wurin banza tun farko, yadda ake yin ta shi ne ma'aunin gwaninta. Manhaja ta fara duba sabon wuri. In ba komai, ta duba tsohon, har da VirtualStore in ta taɓa zama mai rubutu a Program Files. In ta samu, ta kwafa, ta tabbatar kwafin ya karantu, sannan ta bar alamar cewa an yi, don kar gobe ta sake ɗebo tsohon saiti ta danne sabo. A cikin fayil ɗin a rubuta lambar zubin tsarinsa, kuma in manhaja ta ci karo da layin da ba ta gane ba ta bar shi yadda yake, wataƙila ƙanwarta ce ta gaba ta rubuta, mutumin ya dawo tsohon zubi na ɗan lokaci. Lambar zubi a cikin fayil take da kyau, a cikin sunan folda kuwa matsala ce. Tsohon tsarin saiti na .NET a Windows yana saka ta a adireshi, shi ya sa manhajoji da yawa da aka gina da shi ke mantuwa duk sabuntawa, sai in maginin ya tuna ya kira umarnin da ke jawo na baya.

Na ce ta kwafa, ban ce ta kwashe ta share ba, kuma da dalili. A Oktoba 2018 Microsoft ta dakatar da rarraba sabon zubin Windows 10 kwanaki kaɗan da fitowarsa, saboda yana goge wa wasu mutane fayiloli. Waɗanda abin ya shafa su ne waɗanda aka taɓa karkatar musu da folda irin Documents zuwa sabon wuri, amma wasu kayan suka rage a tsohon. Sabuntawar ta zo share tsofaffin foldoji a kan zaton kango ne, ashe da mutane a ciki. Sai a Nuwamba aka sake sakin ta. In mai gidan da kansa zai yi wannan tuntuɓen a cikin gidansa, ɗan haya ya kamata ya fi shi taka-tsantsan. Fayil ɗin saiti bai fi 'yan kilobait ba, barinsa a tsohon wuri ba ya cin komai.

Wasu za su ce a huta da duk wannan, a ajiye saiti a gefen manhajar, a saka ta a filash a tafi da ita. Ga mai yawo tsakanin kwamfutoci wannan buƙata ce ta gaske, kuma akwai hanyar biyanta ba tare da an koma zamanin 1992 ba. Notepad++ na duba ko akwai wani ɗan fayil mai suna doLocalConf.xml a gefensa, in akwai ya ajiye saiti a nan, in babu ya tafi AppData. Zaɓi ne da mutum ke yi da saninsa, ba hali ne da manhaja ke faɗawa a ciki don maginin bai yi tunani ba.

Saura ranar rabuwa. Idan mutum ya cire manhaja, a share saitinsa ko a bari? Da yawa na cirewa ne don su sake girkawa, kuma za su so su tarar da kayansu. Ko an so sharewa ma, mai cirewar ɗakin mutum ɗaya yake gani, na sauran masu amfani da kwamfutar ba ya hannunsa. Abin da ya fi shi ne a tambayi mutumin, in bai ce komai ba a bari. In kuwa za a share, to a nan ne batun fankon da na ce a riƙe yake dawowa. A Janairu 2015 aka gano wani layi a cikin Steam na Linux, manhajar sayen wasannin kwamfuta, wanda aikinsa share duk abin da ke cikin foldar Steam. Layin na lissafo adireshin foldar ne ya ajiye a wata alama, sannan ya ce a goge duk abin da ke ƙarƙashinta. Wani mai amfani ya matsar da foldar zuwa wani faifai, lissafin ya dawo fanko, umarnin ya rikiɗe ya zama a goge komai tun daga tushe. Duk fayil ɗin da asusunsa ke da iko a kai ya tafi, har da na faifan waje da yake ajiye kwafin ko-ta-kwana a ciki, don yana jone da kwamfutar a lokacin.